Murjanin teku: gona cike, iri ɗaya

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu nesa da gida. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Isa ko tabkin Madarumfa girma ba. Amma abin da za mu karanta magana ce ta iri, kuma babu wanda ya fi manomi sanin iri.

Kowa ya san murjani, jan dutsen adon nan da mata ke ratayawa a wuya. Sunansa daga Larabci ya zo. Na ainihi daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, kuma fatake ne suka riƙa ƙetaro hamada da shi tun zamanin ayari. Yau mafi yawan wanda ake gani a kasuwa kwalba ce ko roba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, murjani ƙashin wata halitta ce mai rai.

Jan murjanin ado yana da dangi masu yawa cikin teku. Wasu daga cikin dangin nan magina ne. Suna tada tuddan dutse a ƙarƙashin ruwa, a wurare masu ɗumi marasa zurfi. A kansu za mu yi magana.

Yadda murjani yake gini

Murjani ƴar ƙaramar dabba ce mai taushin jiki. Ba ta da kai, ba ta da ƙafa. Baki ne kawai da ƴan hannuwa kewaye da shi. Da yawansu ba su fi ƙwayar hatsi ko ta wake girma ba. Dabbar tana manne wuri ɗaya, tana tsotsar sinadari daga ruwan teku, tana gina wa kanta gurbi na farin dutse. Dutsen nan dangin wanda ake haƙa a Malbaza ne don yin siminti. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙasar Adar ta taɓa zama ƙarƙashin teku, shekaru miliyoyi da suka wuce.

Dabba guda takan tsage ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su kai dubbai manne da juna kamar saƙar zuma. In na ƙasa sun mutu, na sama su ci gaba da gini a kan ƙashinsu. Haka tudu yake tashi, kamar yadda gara ke tada suri. Aikin ba ya sauri. Murjani mai rassa yakan ƙaru da santimita 10 ko fiye a shekara. Mai dunƙulallen jiki kuwa, da ƙyar yake ƙara santimita 1.

Tudun da ya fi kowane girma yana gabas da ƙasar Ostareliya. Tsawonsa ya kai kilomita 2300. Ya fi tafiyar Yamai zuwa Damagaram da dawowa.

Tuddan murjani ba su kai ko kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasan teku ba. Duk da haka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin halittun teku a wurinsu suke samun mafaka. Nan kifi yake ƙwai, nan ƙananansa suke ɓuya. Miliyoyin mutanen bakin teku da wannan kifin suke ciyar da iyalansu. Tuddan kuma suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari. In suka rushe, masunci ya rasa abinci, ruwa kuma ya ci gidansa.

Akwai wani sirri cikin jikin murjani mai gini. Wata irin gansakuka ce ƴar mitsitsiya, wadda ido ba ya gani, take zaune cikin namansa. Gansakukar tana amfani da hasken rana tana yin abinci, kamar yadda ganye ke yi. Tana ba murjani mafi yawan abin da yake ci, shi kuma yana ba ta masauki. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Ita ce kuma take ba shi launinsa.

Zafi ne yake raba wannan zama. In ruwa ya ɗara zafin da aka saba a lokacin bazara da digiri 1 kawai, ya kuma daɗe haka makonni da dama, sai murjani ya kori gansakukar. Jikinsa ya koɗe, ya yi fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi. In ruwa ya huce da wuri, yakan farfaɗo. In zafi ya zarce, ya mutu. An ga irin wannan koɗewa a faɗin duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 da 2017, sa'an nan wadda ta soma a 2023. A 2016 kaɗai, tudun Ostareliya ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na murjaninsa na wurare marasa zurfi. A watan Nuwamba na 2024, ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta ce kashi 44 cikin 100 na ire-iren murjani masu gini suna fuskantar ɓacewa.

Hanyar rogo da hanyar hatsi

Yanzu mun zo ga zuciyar darasin. A nan sai a karanta a hankali.

Manomi ya san hanyoyi biyu na yaɗa shuka. Ta farko ita ce ta rogo da rake. A sare kara, a binne shi, ya tsiro. Sabon rogon ba ɗan tsohon ba ne, shi ne da kansa. In uwar tana da ɗaci, shi ma yana da ɗaci. In cuta tana kama uwar, shi ma za ta kama shi. Ko an cika fadama da shi, rogo ɗaya ne aka baza.

Hanya ta biyu ita ce ta hatsi. Iska tana kwasar bununi daga wannan zangarniya ta kai wa waccan. Kowace ƙwaya tana da uwa, tana da uba. Ta ɗebi wani hali nan, wani can. Shi ya sa a gona guda za a ga wani ya riga wani nuna, wani ya fi wani jure ƙishirwa. Abin da ke ɗauke da waɗannan halaye daga iyaye zuwa ƴaƴa shi masana ke kira ƙwayoyin gado. Suna cikin jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro.

Murjani yana bin hanyoyin nan duka biyu. In guguwa ta karya reshensa, reshen yakan faɗi ya manne da dutse ya ci gaba da girma. Wannan hanyar rogo ce. Sau ɗaya a shekara kuma, da dare, ƴan kwanaki bayan wata ya cika, murjani masu yawa sukan saki ƙwai da ruwan namiji cikin teku a lokaci guda. Su haɗu a saman ruwa, su zama ƴan tsutsotsi masu iyo. Bayan wasu kwanaki, wanda ya tsira ya sauka ya nemi wurin zama. Wannan hanyar hatsi ce. A Ostareliya abin yana faruwa wajen Oktoba da Nuwamba.

Duk murjanin da ya fito daga ƙwai guda, tare da dukkan rassan da suka karye daga jikinsa suka tsiro, za mu kira shi tushe ɗaya. A riƙe wannan kalma, za ta yi ta dawowa. Tushe ɗaya yana iya mamaye fili mai faɗi, yana kuma iya rayuwa shekaru dubbai. Da ido ba a iya bambanta tushe da tushe. Sai an gutsuri ɗan nama an auna ƙwayoyin gadonsa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A teku kuwa har akasin haka yana faruwa: a ga abu ɗari, ashe wane ne shi kaɗai.

Abin da ya faru a tekun Karibiyan

Tekun Karibiyan yana tsakanin Amurka ta Arewa da Amurka ta Kudu. Ire-iren murjani biyu ne suka gina yawancin tuddansa na kusa da gaɓa. Dukansu suna da rassa kamar ƙaho. Ɗaya mai siririn ƙaho ne, ɗaya mai faffaɗan ƙaho. Daga ƙarshen shekarun 1970 wata cuta ta auka musu. Tana somawa daga gindi, tana cin nama tana hawa, tana barin farin ƙashi a baya. A wurare da yawa fiye da kashi 90 cikin 100 sun mutu. A 2006 gwamnatin Amurka ta sa su cikin jerin halittun da doka ta kare.

Masana sun tambayi kansu: waɗanda suka rage, sa'a ce ta bar su, ko akwai wani abu a jikinsu? A ƙasar Panama an gwada. An ɗauki tushe 49 na mai siririn ƙaho, aka riƙa haɗa su da masu cutar da gangan. A sakamakon da aka buga a 2008, tushe 3 ba su kamu ba ko kaɗan. Uku cikin arba'in da tara ba yawa ba ne. Amma a lura da kyau. Da a ce duk wurin tushe ɗaya ne, to ko dai duka su tsira, ko duka su tafi, kuma lissafi ya nuna tafiyar ta fi kusa. Yawan tushe ne ya sa aka sami ukun nan.

Wata masaniya mai suna Iliana Baums ta bi mai faffaɗan ƙaho wuri-wuri tana auna ƙwayoyin gadonsa. Ta gano abubuwa biyu. Na farko, na gabashin tekun da na yammacinsa sun zama kamar zuriya biyu, ba su cika cuɗanya ba. Na biyu ya fi tada hankali. A yamma, musamman a jihar Fulorida ta Amurka, akwai tuddan da suke cike da murjani, gwanin kyau, amma da aka auna sai aka tarar tushe ɗaya ne tak.

Illar wannan ta wuce maganar cuta. Mai faffaɗan ƙaho yana sakin ƙwai da ruwan namiji daga jiki guda, amma a galibi ba ya iya yi wa kansa barbara. Dole sai da wani tushe dabam a kusa. Tudun da yake tushe ɗaya zai saki ƙwai kowane watan Agusta, ruwa ya tafi da su a banza. Mai dabino ya san wannan. Garka cike da dabino mata, babu namiji ko ɗaya, inuwa kawai za a sha.

Ba duka zafi ke kashewa daidai ba

Kamar cuta, haka zafi. In koɗewa ta zo, akan ga murjani biyu iri ɗaya gefe da gefe, ɗaya ya yi fari, ɗaya yana nan da launinsa. Wani lokaci bambancin daga irin gansakukar da ke jikinsu ne, domin ita ma iri-iri ce, wata ta fi wata jure zafi. Wani lokaci kuma daga ƙwayoyin gadon murjanin ne.

A Ostareliya an tabbatar cewa juriyar zafi ana gadonta. An haɗa murjani daga arewacin tudun, inda ruwa ya fi ɗumi, da na kudu da shi. Aka sa ƴaƴan cikin ruwan zafi. A rahoton 2015, ƴaƴan da iyayensu suka fito daga wuri mai ɗumi sun fi sauran samun tsira, har ninki 10 a wasu lokuta.

Akwai wurin da ya fi kusa da mu. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙasa, ta Cadi da Sudan, a garin Sawakin da yawansu suka shiga jirgin ruwa suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Tsoffin gidajen Sawakin da na tsohon garin Jidda da dutsen murjani aka gina su. Bahar Maliya cike take da tuddan murjani. A can ƙarshenta na arewa, a mashigin Aƙaba, akwai murjanin da ya ba masana mamaki. An ɗumama masa ruwa da digiri 5 sama da abin da ya saba, bai koɗe ba. Ga bayanin da masana suka fi karkata gare shi. Shekaru dubbai da suka wuce, kakannin murjanin nan sun shigo ne daga kudu, ta ƙofar Babul Mandab, inda ruwa yake da zafi ƙwarai. Wurin ya zama musu rariya. Mai jure zafi ne kaɗai ya wuce, jikokinsa kuma suka isa arewa da gadon a jikinsu.

A Tekun Fasha ma akwai murjanin da ke rayuwa cikin ruwan da kan kai digiri 34 zuwa 35 da bazara, zafin da zai kashe na sauran wurare. Amma juriya tana da iyaka. A 2017 zafi ya wuce misali a can, da yawansu suka mutu.

Wannan tacewa manomin Nijar ya gan ta a gonarsa. Masanan Nijar da na Faransa sun ɗauki hatsin da aka tara a ƙauyukanmu a 1976, da wanda aka tara a waɗannan ƙauyuka a 2003, suka shuka su tare. Na 2003 ya riga na 1976 fidda kai. Tsakanin shekarun nan an sha fari, damana ta gajarta. Cikin kowace gona akwai masu saurin nuna tun da can. Su suka fi ba da iri, sai jininsu ya yawaita. Da hatsinmu duk hali ɗaya ne kamar rogo, da babu abin da za a tace.

Sai dai hatsi yana ba da iri kowace shekara. Murjani mai rassa sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya soma ƙwai, wasu ma sun fi haka. Teku kuwa yana ɗumama da sauri, saboda hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da duniya ke ƙonawa. Shi ne dai ɗumamar da muke ji a jikinmu a nan.

Masu dashen murjani

A Fulorida da wasu wurare, an kafa wuraren renon murjani a ƙarƙashin ruwa, kamar yadda muke renon itatuwa kafin dashe. Ana yanka reshe ƙanana-ƙanana, a rataye su, su girma, a kai su tudu a manna. An dasa dubban ɗaruruwa ta wannan hanya. Aiki ne mai kyau, amma hanyar rogo ce. Tana ƙara yawa, ba ta ƙara tushe. Wanda ya yanka tushe 5 ya fitar da dashe 5000, har yanzu 5 gare shi. Shi ya sa masu aikin suke ba kowane tushe lamba, suna kuma cakuɗa tushe dabam-dabam a wuri guda don su iya barbarar juna.

Akwai wata jaraba da ke kama kowane mai zaɓen iri. Tunda an gano tushen da cuta ba ta kamawa, me zai hana a bar sauran a yaɗa shi kaɗai? A ganina wannan kuskure ne, kuma an ga dalili. A Fulorida an gwada wasu tushe masu jure cuta. Bayan zafin 2015 ya koɗar da su, aka sake gwadawa, sai juriyar yawancinsu ta tafi. Kaɗan ƙwarai suka riƙe ta. Gwanin bana ba lalle ne ya zama gwanin baɗi ba. Wata sabuwar cuta ma ta ɓulla kusa da birnin Mayami a 2014, ta kama wasu ire-iren murjani fiye da 20, ta bazu cikin Karibiyan. Babu wanda ya san da zuwanta balle ya zaɓi iri dominta.

Wata dabara ita ce ajiya. Kamar yadda ake adana irin hatsi cikin ɗakin sanyi a cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, haka ake daskarar da ruwan namijin murjani. Wata masaniya, Mary Hagedorn, ta daɗe a kan wannan aiki. A 2018, a tsibirin Kurasawo, ita da abokan aikinta sun haɗa ƙwan mai faffaɗan ƙaho na can da daskararren ruwan namiji daga Fulorida da Porto Riko. Ƙwan ya kama, aka sami ƴaƴa masu rai. Zuriyar gabas da ta yamma, waɗanda teku ya raba, sun haɗu a hannun mutum.

Sai shekarar 2023 ta zo. A watan Yuli, a wani lungun ruwa marar zurfi a kudancin Fulorida, ma'auni ya nuna digiri 38,4. A kan tuddan bai kai haka ba, amma zafin ya daɗe makonni. Ma'aikata suka riƙa nutsewa suna kwaso murjani daga wuraren reno, suna kai su manyan tankuna a tudu. Burinsu shi ne kada wani tushe ya ɓace gaba ɗaya, ko da reshe ɗaya ne a tsirar daga kowane. Abin da aka bari a teku bai yi kyau ba. Binciken da aka buga a 2025 ya nuna cewa a tsibiran kudancin Fulorida, kashi 98 zuwa 100 cikin 100 na masu ƙahon nan biyu sun mutu, na asali da na dashe. Zafin ya fi ƙarfin mai juriya da marar juriya. Can arewa, wajen Mayami, asarar ba ta kai haka ba. Masana suka ce waɗanda suka rage sun yi kaɗan, sun kuma yi nesa da juna, ba za su iya sake gina tudu da kansu ba.

Daga tushen da aka tsirar ake ƙoƙarin sake farawa. A ƙasar Honduras akwai wani wuri da ake kira Tela, inda mai faffaɗan ƙaho yake bunƙasa cikin ruwa mai ɗumi da gurɓata. Masanan jami'ar Mayami sun ɗauko wasu daga can, aka haɗa su da na Fulorida cikin tanki, aka sami ƴaƴa. A 2025 hukuma ta ba da izini, aka dasa su a teku kusa da Mayami. An jera su gefe da gefe da ƴaƴan Fulorida zalla, kowane da lambarsa, don a ga wanda zai riƙe launinsa in ruwa ya sake zafi.